Soyayyar Maigida da Soyayyiyar Kaza

Assalamu alaikum Gwaggo. Ni matar aure ce a Garwa ta ƙasar Kamaru, 'ya'yanmu uku. Tun bara da aka buɗe wani gidan abinci kusa da shagon maigidana, irin masu tsoma kaza a ƙullin fulawa su soya, ya zama sau huɗu a mako sai ya shigo da leda: kaza, soyayyen dankalin turawa, mayonis da lemon kwalba, na wajen sefa 6,000. Yanzu in na tuƙa tuwo sai yara su ce su sai Abba ya dawo. Babban, mai shekara 11, ya yi ƙiba har wandunan makaranta sun matse shi. Shi maigidan shekarunsa 47, ya ajiye tumbi, kuma watan jiya da ciwon kai ya dame shi aka auna shi a kantin magani aka ce tansiyonsa, wato awon jininsa, 16/10. Da na yi magana sai ya ce ai kaza farin nama ce, jan nama likitoci ke hanawa, wai haushi nake ji an guje wa girkina. Surukata kuma ta ce allurar da ake yi wa kajin ita ce matsalar, a sayo na gida a soya shi ke nan. Gwaggo, wa ke da gaskiya? Kuma yaya zan yi ba tare da mun saɓa ba?

Maman yara uku, Garwa

Wa alaikumus salam 'yata. Allah ya shirya miki zuri'a, ya ba maigida lafiya.

Tambaya biyu kika yi, amma abin da ya tsaya mini a rai shi ne wanda kika ambata kika wuce kamar ba komai ba: 16/10. A yadda ake karanta awo a asibitocinmu na nan, 16/10 shi ne 160/100, kuma daga 14/9 zuwa sama ake cewa mutum yana da hawan jini. Gaskiya ne awo ɗaya ba ya yanke hukunci, balle wanda aka yi a gaggauce kai na sara. Sai an maimaita a wata rana daban, yana zaune ya huta kamar minti 5. To amma ga shi wata ya zagayo ba a maimaita ba. Na yi shekaru ina aikin jinya kafin in ajiye, kuma magidanta da yawa aka kawo mana a kwance, baki ya karkace, hannu da ƙafa sun saki, iyali na kuka suna cewa wallahi jiya da kansa ya rufe shago. Hawan jini ba ya sallama in zai shigo. Mutum yana iya ɗaukar shekaru da shi bai ji komai ba, alhali yana cin zuciya da ƙoda da jijiyoyin ƙwaƙwalwa a hankali. Don haka kafin maganar kaza, cikin makon nan ya je ya ga likita, a sake awo, a duba sukarinsa da safe kafin ya karya (daga giram 1.26 a lita ake maganar ciwon sukari), a duba ƙodarsa. In an rubuta magani ya sha kullum, kada ya ajiye don kai ya daina ciwo. In kuwa wata rana kika ga magana ta sarƙe masa, ko ɓari ɗaya ya yi nauyi, ko gani ya dushe, ko ƙirji ya riƙe, kada a tsaya jiƙe-jiƙe, a nufi asibiti a lokacin.

To, wa ke da gaskiya? Maigidanki ya riƙe rabinta. Kaza nama ce mai kyau. Tsokar ƙirjinta, in an cire fata aka gasa ko aka dafa, giram 100 na ɗauke da kalori (ma'aunin ƙarfin da abinci ke ba jiki) kusan 165 da maiƙon da bai kai giram 4 ba. Wannan ita ce kazar da likitoci ke yabo. Wadda ke shigowa gidanku a leda an bar mata fatarta, inda mafi yawan kitsen kaza yake, an lulluɓe ta da fulawa, an nutsar da ita cikin tafasasshen mai. Fulawar nan kamar soso take, tana zuƙe mai ta riƙe. Sai giram 100 ɗin nan ya koma kalori 250 zuwa 300, maiƙon ya ninka sau huɗu ko fiye. Dalili kuwa mai sauƙi ne: giram ɗaya na mai yana da kalori 9, na sitacin da ke cikin hatsi ko na sinadarin gina jiki da ke cikin tsoka yana da 4. Cokalin miya ɗaya na mai kaɗai kalori 120 ne. Ki haɗa da dankalin da shi ma a man ya yi wanka, da mayonis wanda asalinsa mai ne da ƙwai aka kaɗa, sai ki ga a zama ɗaya mutum ya ci rabin abin da jikinsa ke buƙata a yini, ko fiye, sannan ya miƙe ya kwanta. Tumbin maigida da wandon yaronki daga nan suka fito.

Sai gishiri, wanda shi ya fi shafar mai 16/10. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babban mutum ya wuce giram 5 na gishiri a yini, wato bai cika ƙaramin cokalin shayi ba, kuma lissafin ya haɗa da duk wanda ke ɓoye cikin burodi da miya da komai. Irin wannan kazar ana jiƙa ta a ruwan gishiri ko kayan ɗanɗano, a zuba wani a fulawar, a barbaɗa wani a dankali. Manyan kamfanonin soya kaza na Amurka, inda wannan salon suya ya yi ƙarfi kafin ya bazu duniya, suna wallafa lissafin abin da ke cikin abincinsu, kuma a nan za ki ga ƙirji guda ɗaya yana iya cinye rabin gishirin da aka yarje wa mutum na yini. Gishiri yana riƙe ruwa a jiki, jini ya ƙaru a cikin jijiyoyi, awo ya hau. Yana kuma sa ƙishirwa, shi ya sa lemon kwalba ke bin kazar kamar jela. Ƙaramin gwangwanin lemo mai santilita 33 yana da sukari wajen giram 35, ƙwaya 7 ke nan na sukarin kwali da muke jefawa a shayi. Babbar kwalba kusan ninki biyu. Iyakar da hukumar ta ba babba a yini giram 50 ce, ta kuma ce rabin haka ya fi. Wace uwa ce za ta zuba wa ɗanta ƙwaya 7 a kofi ɗaya tana kallo? Amma a kwalba muna miƙa musu da murna.

Akwai kuma maganar man suyar kansa, kuma a nan zan ɗan daɗe, don shi ne abin da ido ba ya gani daga cikin leda. Kin san tsadar mai. Mai gidan abinci da ke cika kasko da lita da yawa ba ya son zubarwa, sai dai in ya ragu ya ƙara sabo a kan tsoho, gobe a sake hura wuta. Duk lokacin da mai ya yi zafin suya, wajen digiri 170 zuwa 180, ya huce, ya sake zafi, yana lalacewa: ya yi duhu, ya yi kauri, ya fara kumfa, ya riƙa hayaƙi da wuri. Cikinsa sai a sami wasu sinadarai masu illa ga jijiyoyin jini. Abin ya kai a Faransa doka ta hana ci gaba da suya da mai idan lalatattun sinadaran cikinsa suka haura kashi 25 cikin 100. Wasu masu suya kuma suna amfani da daskararren man masana'anta, wanda a irinsa ake samun maiƙon da likitoci ke kira tirans, mai ƙara mugun kolestarol, wato wani kitse da ke cikin jini, ya rage mai amfani. Tun 2018 Hukumar Lafiya ta Duniya ke kiran ƙasashe su kawar da shi daga abinci gaba ɗaya. Ba na ɗora wa gidan abincin da ke kusa da shagonku laifi, akwai masu tsoron Allah a sana'ar. Ke dai ki lura: in kazar ta yi duhu sosai alhali cikinta bai wuce misali ba, in tana barin ɗaci-ɗaci a maƙogwaro, in ledar na warin tsohon mai, in maigida na fama da ƙwarnafi cikin dare, to man ya tsufa.

Tunda maigida mai kafa hujja da likitoci ne, ga abin da za ki ajiye masa. A 2019 mujallar likitoci ta BMJ da ke Ingila ta wallafa wani bincike da aka yi a Amurka kan mata sama da 106,000 masu shekara 50 zuwa 79, waɗanda aka bi rayuwarsu shekaru masu yawa. Masu cin soyayyiyar kaza aƙalla sau ɗaya a mako, haɗarin mutuwarsu a tsawon binciken ya fi na waɗanda ba sa ci da kashi 13 cikin 100. Irin wannan bincike alaƙa yake nunawa, ba ya rantsuwa cewa kazar ce kaɗai sanadi, kuma kan tsofaffin matan wata ƙasa aka yi shi. Amma sau ɗaya a mako ake magana, ku kuwa sau huɗu. Abin sha'awa, mujallar nan dai a 2012 ta kawo wani binciken daga Sifen kan mutum sama da 40,000, inda aka saba suya da man zaitun ko na furen rana, kuma ba a ga alaƙa tsakanin cin soyayyen abinci da ciwon zuciya ba. Ni abin da na ɗauka daga biyun shi ne, irin man, da sau nawa aka maimaita shi, da abin da aka ci tare da suyar, da yawan ci, su ke raba gardama.

Surukarki kuwa, Allah ya ƙara mata lafiya, maganar allura ta daɗe tana yawo. Kajin gidan gona da ake ce wa na kwana 45 suna saurin girma ne saboda iri ne da aka yi shekaru ana zaɓa don ya yi tsoka da wuri, ga abinci mai ƙarfi dare da rana, ga rashin yawo. Inda ake da abin damuwa na gaske shi ne magungunan kashe ƙwayoyin cuta da wasu masu kiwo ke ɗura wa kaji ba bisa ƙa'ida ba, su sayar kafin kwanakin da ya kamata a jira su cika. Wannan yana taimakawa wajen sa ƙwayoyin cuta su daina jin magani. Kazar gida ta fi daɗin romo, wannan ko ni ba na musu. Sai dai in kika tsoma ta a fulawa kika nutsar a tsohon mai sau huɗu a mako, awon maigida ba zai tambayi asalinta ba. Kada ki yi gardama da Hajiya a kan wannan. A bar kaza cikin gashinta. Ai ta riga ta tsaya a ɓangarenki tunda ita ma so take a koma tukunyar gida, kuma maganar uwa tana shiga inda taki ba ta kai ba.

Wani abu da ba ku ambata ba ku duka uku, shi ne kazar da ta kwana ko ta wuni. Kin san zafin Garwa a watan Maris da Afrilu, ya haura digiri 40, ga ɗaukewar wuta da ke narkar da abin da ke cikin firiza ya sake daskarewa. Ɗanyar kaza na iya ɗauke da ƙwayoyin cuta irin su salmonela, masu kawo zawo da amai da zazzaɓi, kuma dafaffen abinci bai kamata ya wuce awa 2 a ajiye a waje ba. Manya za su tuna ƙurar da ƙungiyar ACDIC mai kare muradun jama'a ta tayar a ƙasar nan wajen 2004 kan daskararrun kajin da ake shigowa da su daga Turai, har gwamnati ta taƙaita shigo da su. In an kawo kaza ki tsaga ta kusa da ƙashi. In kin ga ja ko ruwan jini-jini, kada yara su ci. Wadda ta yi saura kuma ko ta shiga firij nan take, ko a haƙura da ita.

Yanzu 'yata, ki yi haƙuri in juyo kanki, don ba zan ga laifin leda in rufe ido a kan tukunya ba. Dunƙulen magi nawa kike jefawa a miya? Kusan rabin nauyin kowane dunƙule gishiri ne, kuma na san gidajen da ake sa biyar ko shida sannan a bi da gishiri. Kanwar da muke sa wa kuka da kuɓewa da wake ita ma 'yar'uwar gishiri ce wajen hawan jini. Mai kuma, ko na gyaɗa ne, ko na auduga irin Diamaor na kamfanin Sodecoton, ko manja, yawancinmu daga galan muke tuttulawa har sai ya taso saman miya, don kada a ce mace ba ta iya girki ba. In maigida ya bar kazar waje ya dawo ga miyar da mai ke iyo a kanta, an gudu ne ba a tsira ba. Ki fara auna mai da cokali. Ki rage magi ɗaya-ɗaya duk mako, ki cike gurbin da daddawa, citta, tafarnuwa, albasa, masoro da busasshen kifi. Harshe yana sabawa cikin 'yan makonni, in dai ba a yi masa sauyin dare ɗaya ba. Kada ma ki sanar da kowa.

Sai yadda za ki tunkare shi. Ki fara gane abin da ledar nan take a wurinsa. Mutumin da yake da shekara 47 yau ya tashi ne a zamanin da ba a yanka kaza sai da salla, ko an yi baƙo, ko wani ya kwanta ciwo, yaro kuma rabonsa ƙafa da wuya. Yau Allah ya buɗa masa, yana shigowa yara na rugowa suna Abba oyoyo. Wannan ihun yake saya da sefa 6,000, kazar ƙari ce. In kika tare shi a bakin ƙofa gaban yara kina cewa guba ya kawo, abin da zai ji shi ne kin raina ƙoƙarinsa, shi ya sa ya mayar miki da maganar haushin girki. Ki karɓi leda ki ce an gode, Allah ya ƙara buɗi. Maganar ki ajiye ta sai kun keɓe, ya ci ya huta, kuma kada ki fara da kaza. Ki fara da tsoronki: Abban yara, lambar nan da aka faɗa ta hana ni barci, mu je a auna mu ni da kai. Ki ce mu, kada ki ce kai. In kun shiga wurin likita aka tambayi abin da ake ci a gida, ki faɗi gaskiya ba ƙari ba ragi, har da magin miyarki. Na sha gani, maganar da mace ta yi wata shida tana yi ba a ji ba, mai farar riga ya faɗe ta a minti biyu namiji ya dawo gida yana ba matarsa labari kamar sabon ilimi. In hakan ta faru ki ce ikon Allah, ashe haka ne, ki yi shiru.

Kuɗin ma abin dubawa ne, amma shi ki bar shi a ƙarshe, kuma cikin raha. Sefa 6,000 sau huɗu 24,000 ne a mako, a wata ya doshi 100,000, ya fi mafi ƙarancin albashin da doka ta yanka a ƙasar nan. Ɗan kasuwa ne, lissafi zai yi masa magana da yarensa. Kada ki ce ya daina kawo komai, don hannun da ya saba shigowa da kaya ba ya son shigowa wayam. Ki canza masa abin da zai riƙo. Yau kaza mai rai, jibi kifin tafkin Lagdo, wata rana kankana ko gwanda ko mangwaro in lokacinsa ne. Kazar ki cire mata fata, ki jiƙa ta da lemon tsami da citta da tafarnuwa da ɗan yaji, ki gasa a garwashin da ya lafa ba tare da ta ƙone ta yi baƙi ba, ko ki yi farfesu. Ranar da ake marmarin suya, ki soya da kanki da sabon mai kaɗan, ki tsane ta sosai, kuma man kada ya zagaya fiye da sau ɗaya ko biyu. Ta waje a mayar da ita sau ɗaya a mako tukuna, bayan wata biyu ta koma ta ranar albashi ko ranar da yaro ya ciyo jarrabawa. Ranar da aka kawo ta, shi maigida ya ɓare fatar da fulawar, a bar mayonis, a ci da kwaɗon zogale ko salak, a ci da wuri ba dab da kwanciya ba. Maimakon lemon kwalba ki haɗa zoɓo, folere ɗinmu, da sukari kaɗan. An gwada shi an ga yana ɗan sassauta hawan jini, amma ɗan sassauci ne, ba ya zama madadin ƙwayar likita.

Ya kuma motsa jiki. Minti 30 na tafiya da sauri, kwana biyar a mako, shi ne abin da ake nema ga babba. Bayan sallar asuba kafin rana ta buɗe ya fi sauƙi a garinku, ko ya riƙa ajiye babur ya taka zuwa masallacin da ya ɗan fi nisa.

Yaran kuwa, dabarar tana ga agogo. Ki ba su tuwonsu da magariba tun suna jin yunwa, kafin Abba ya dawo. Yaron da ya ƙoshi, tsoka ɗaya ta ishe shi. Wanda ya ce ba zai ci ba kada ki yi masa faɗa kuma kada ki dafa masa wani abu daban, ki rufe kwanonsa ki ajiye. Babban kada a sa shi a gaba da sunan ƙiba, kada a bar 'yan'uwansa su yi masa laƙabi, kada kuma a ware masa abinci shi kaɗai ko a hana shi ci. Yana kan girma ne, in gidan duka ya gyara ci, aka janye lemon kwalba, ya sami awa ɗaya a yini yana buga ƙwallo ko guje-guje, tsawo zai zo ya raba nauyin. In kun je asibitin ku tafi da shi a auna tsawonsa da nauyinsa, a rubuta, don a sami abin kwatantawa nan da wata shida.

Ki sayi ƙaramin littafi ki riƙa rubuta awon maigida duk lokacin da aka yi, da kwanan wata da lokaci, don likita zai nema. In an yi awo na biyu ki sake rubuto mini ki faɗa mini lambar, da kuma abin da Hajiya ta ce da ta ɗanɗana gasasshiyar.

Gwaggonku